Wa Zai Goge Mabuɗin?

Mai girma shugaban taro, dattawan da suka kafa wannan taska ta manhajar ɓoye saƙo, masu rubutu da masu gwaji, 'yan'uwana matan da muke zaman jiran a rufe kwamfuta a zo a ci abinci, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, alhali ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a aikinku ba. Ni matar wanda kuke kira Dogo ce, wanda a ƙarshen zaman nan za ku jefa ƙuri'a a kan ko a janye masa izinin sa hannu a taskar, ko a bar masa. Bai aiko ni ba. Da na ce masa zan yi magana, cewa ya yi, "Ki rufa mini asiri, kada ki je ki ba su labarin soyayya." To, ga shi can a layin baya ya sunkuyar da kai, sai dai ya yi haƙuri.

Magana ta farko, ban zo in ce bai yi kuskure ba. Ya yi. Saboda baƙin da ke cikinmu, bari in faɗi yadda na fahimci abin. Wata Asabar da hantsi ina wanke-wanke, yana tsaye a bakin ƙofar kicin, ya kasa shiga, ya kasa komawa. Na ce, "Maigida, ko dai ka faɗa mini abin da ya faru, ko ka ɗauki tsumma ka taya ni." Sai ya ɗauki kwano ɗaya daga cikin kumfa ya ce, "Kin ga wannan? Idan manhaja za ta kulle saƙo, sai ta ari ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ajiye mabuɗin sirri na ɗan lokaci. Shi muke kira bafa. In an gama, dole wani ya goge shi tas kafin a mayar, in ba haka ba wanda ya ara daga baya zai tarar da ragowa." Na ce, "To wa ke gogewa?" Ya ce, "Nan gizo ke saƙar."

Shi ya rubuta sabon sashe da ke miƙa mabuɗi ga tsohon sashe. Ya ɗauka tsohon ne ke gogewa. Wanda ya rubuta tsohon kuwa ya ɗauka mai miƙowa ne zai goge. Kowa ya tafi da zuciya ɗaya, mabuɗi ya zauna a inda yake. Allah Ya taimaka wata mai gwaji ta gano, aka fitar da gyara, amma an ji kunya, kuma an tsorata mutanen da suka amince muku da sirrinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ban kuwa raina fushinku ba.

Magana ta biyu ita ce wadda nake da iko a kanta. Ni mai karatun littattafan soyayya ce, har surukata kan ce da littafi ake aure da tuni na bar ɗanta. A duk abin da na karanta, ban cika ganin mugu ya raba masoya ba. Abin da ke raba su shi ne maganar da ba a faɗa ba. Shi yana zaton ta sani, ita tana zaton zai faɗa, ni kuma ina kan kujera ina yi wa takarda tsawa, ina cewa ka buɗe baki mana. Da maigidana ya gama bayani sai na ce, "Ai na san wannan labarin. A ina aka rubuta wanda zai goge?" Ya ce, "Ba a rubuta ba. Kowa ya sani." Na ce, "Har kai?" Sai ya ajiye kwanon ya fita.

Jama'a, kun gina wannan taska da amana, kun gina ta da zumunci, kun gina ta a lokacin da kuke 'yan kaɗan, wanda bai gane ba ya juyo da kujera ya tambayi na kusa da shi. Yanzu kun yi yawa, kun watsu, wasu ba su taɓa ganin fuskar juna ba sai yau, amma har yanzu ka'idar bafa a bakunan mutane take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maigidana ne ya faɗa ramin, amma ramin ya girme shi a aikin.

Na san abin da aikin nan yake a wurinsa. Ba a biyansa, kamar yadda ba a biyan yawancinku. Tun da abin ya faru yakan zauna a gaban teburinsa, ya share ƙurar kwamfuta, ya gyara zaman waya, ya tashi bai buɗe ba. Sai kwanan nan ya soma rubuta bayani a kan kowane sashe: wa ke samar da bafa, girmansa nawa, wa ke gogewa, wa ke mayarwa, me zai faru in aiki ya tsaya a tsakiya. Yana karanta mini, in na yamutsa fuska ya sake rubutawa. Na ce masa wannan littafi ba jarumi, ba jaruma. Ya ce, "Amma ba wanda zai yi kuka a ƙarshensa."

Yanzu ina neman izinin shugaba in yi tambaya ɗaya, wadda ni kaina ban san amsarta ba. A bar sashen da aka riga aka gyara. A ɗauki sashen sa hannu a kan saƙo, wanda kusan kowa a nan ya taɓa aiki da shi. Duk wanda ya san sashen ne da kansa ke goge mabuɗin, ya ɗaga hannu. Madalla, ku sauke. Wanda kuma ya san mai miƙo masa mabuɗin ne ke gogewa, ya ɗaga. To, kada ku sauke tukuna, ku waiwaya ku dubi juna. Ɗaki ya rabu biyu, kuma a kowane ɓangare akwai furfura. Ranka ya daɗe shugaba, na lura kai ba ka ɗaga ba sam, kuma ina ganin ka fi kowa gaskiya.

Ban yi haka don in kunyata kowa ba. Rabinku, ban san wane rabi ba, suna tsaye a daidai inda maigidana ya tsaya, sai dai ranarsu ba ta zo ba. In kun kore shi, rabin nan yana nan yadda yake. Roƙona shi ne ku bar masa izininsa, ku ɗora masa kammala bayanin nan, ku sa doka cewa ba za a karɓi sabon sashe ba sai an rubuta a fili wa ke goge me. Wanda ya taɓa ƙonewa ya fi kowa sanin inda wuta take.

Allah Ya kiyaye sirrin duk wanda ya dogara da aikinku. Allah Ya ba ku hukunci mai adalci, Ya haɗa kanku bayansa, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe. Na gode.