Zufar da Na Yi Wa Barka

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni mai sauraronki ce daga Gulma.

Mijina masunci ne. Bara aka yi masa aiki a babbar jijiyar jinin da ke cikinsa, aka sallamo mu. Bayan mako uku ya fara jiƙe shimfiɗa da zufa cikin dare. Da safe jiki sanyi ƙalau, da la'asar ya ɗau zafi. Mu nan bakin gulbi zazzaɓin sauro muka sani, in mutum ya yi zufa sai mu ce ciwo ya fita. Na dafa ganyen dogon yaro, na lulluɓe shi ya yi sirace. Kullum da safe in ce, "Maigida barka, ciwo na fita." Ya ce, "To, Allah ya sa."

Da muka kai shi Birnin Kebbi, likita ya ce ƙwayoyin cuta sun kama wurin aikin, mun makara. Kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Jama'a, wanda aka yi wa aiki in ya fara zufa, a koma asibiti. Ni kuma ku ba ni shawara: yaya zan daina jin muryata tana yi masa barka?