Rediyon Midhat Tana Kunne

Duk wanda ya san zai fita teku gobe, kada ya tashi daga kujerarsa sai na gama.

Shugaban ƙungiyar masuntan Suwes, Rayis Abdul'al, Malam Liman, iyayena maza, 'yan'uwana mata masu jira a bakin ruwa, assalamu alaikum. Na gode da kuka zo addu'ar arba'in ta ɗana Midhat. Na gode wa waɗanda suka bar tarunsu kwana uku suna neman gawarsa.

Na farko, ba rashin rediyo ya kashe ɗana ba. Rediyonsa tana kunne. Amma kun san halinku: da kun bar gaɓa sai ku kau da ita daga tasha ta sha shida, inda manyan jirage ke kira, inda ake neman ceto, ku koma tashar hira. Atif, mijin 'yata, yana cikin kwalekwalen ranar, shi Allah ya fitar. Ya ce hazo ya rufe ruwa da safe, Midhat kuwa yana tsokanar wani abokinsa: "Kai ɗan kawu, jiya kifi ka kamo ko tsohon takalmi?" Suna dariya, jirgin dakon mai yana kiransu a sha shida. Sau bakwai ya kira, haka ma'aikatansa suka faɗa daga baya.

Na biyu, jirgin ya busa ƙaho sau biyar gajeru. Ni da na tsaya a sakandare na san ma'anarsa: ban gane nufinka ba, kauce. Atif ya ce, "Mu yanke taru." Midhat ya ce, "Haba suruki, ai yana ganinmu, zai karkata." Ba ya karkata, 'ya'yana. Hanyarsa ɗaya ce, kuma nauyinsa ba ya barinsa ya tsaya nan take. Haka ya banke kwalekwalen.

Na uku, akwai kalmar neman ceto, "Mede", a faɗa sau uku, sannan sunan jirgi da inda kake. Atif ya faɗa, amma a tashar hira. Masu saurare suka zaci wasa ne.

Allah ya jiƙan namu da teku ta ɗauka, ya dawo da naku gida lafiya.

Saura mini ɗa ɗaya, Ragab, ga shi can. Daga yau, a gidana, ni ke riƙe mabuɗin inji. Ba ya karɓa sai ya kunna rediyo a gabana na ga sha shida da idona, ya kuma rantse ba zai taɓa ta ba. Mai son hira ya dawo gida, akwai shayi.

Na gode da kuka saurari uwar Midhat.