Dutse na Bakwai Daga Shinge

Verlene: Halo? Delbert? Verlene ce, 'yar Kawu Hobart, daga Ohio.

Delbert: Wa? Ɗaga murya, layin nan sai a hankali.

Verlene: Verlene!

Delbert: Kai! Ashe kina duniya? Ina wuni?

Verlene: Lafiya lau. Ya Tennessee, ya shanu?

Delbert: Shanu na sayar tuni. Gwiwa ta ƙi.

Verlene: Ayya, sannu. Ya matarka Oleta?

Delbert: Tana gidan kula da tsofaffi. Ba ta gane ni yanzu, amma ina zuwa ran Talata.

Verlene: Wayyo. Ban sani ba.

Delbert: To, ya yaranki?

Verlene: Suna can, kowa da garinsa. Delbert, zauna ka ji. Na samo Mahala!

Delbert: Wace Mahala?

Verlene: Kakar kakarmu mana, wadda ta taso daga Virginia a keken shanu. Shekara tara ina binta a takardun ƙidaya da na coci. 'Ya'ya tara ta haifa, ta binne huɗu, mijin ya tafi yamma bai dawo ba. Ita kaɗai ta sare dajin da kake zaune a kai.

Delbert: Ikon Allah.

Verlene: Kabarinta kawai ya gagare ni, tunda mutanen wancan zamani dutsen gona suke kafawa, ba suna ba komai. Jiya na buɗe Littafi Mai Tsarki na Goggo Ozella, sai ga takarda da rubutun hannunta: Mahala, dutse na bakwai daga shinge. Kuka na yi, ni kaɗai a kicin. Halo? Kana ji?

Delbert: Ina ji.

Verlene: Zan zo ranar gyaran kaburbura, Lahadi ta biyu a Yuni. Na sa a sassaƙa mata dutse da sunanta. Kai dai ka ƙirga mini daga shingen maƙabartar danginmu.

Delbert: Verlene... duwatsun ba sa nan.

Verlene: Me ka ce? Layin ya...

Delbert: Ba layi ba ne. Na kwashe su, shekara uku ke nan. Ashirin da uku ne, suna jibge a gindin bishiya.

Verlene: Ka kwashe? Delbert, kana cikin hankalinka?

Delbert: Ciyawa ta kai ƙugu. Ba na iya durƙusawa da lauje, injin yanka kuma ba ya wucewa tsakaninsu. Na ce gara fili mai tsabta da dajin macizai.

Verlene: Ba ka ko kafa sanda a gurbinsu ba?

Delbert: Na ɗauka zan tuna.

Verlene: Mutanenmu ne fa! Da ka tambayi wani!

Delbert: Wa? Da can ranar gyaran mota arba'in ke cika hanyar nan, a yi waƙa, a shimfiɗa abinci a kan katako. Shekara shida ke nan ina soya kaza, in gasa burodin masara, in je in zauna har la'asar. Ni kaɗai nake ci in dawo da saura.

Verlene: Ba wanda ya gaya mini.

Delbert: Lambata ba ta canza ba tun ranar bikinki. Yau kika kira, shi ma matacciya kike nema.

Verlene: Delbert, ni...

Delbert: Ki zo da dutsen naki. Ki kafa shi duk inda kika ga dama, tana nan cikin filin. Kaza nawa zan soya?

Verlene: Ban... bari in ga ko wani cikin yaran zai kawo ni.

Delbert: To. Kaza ɗaya ke nan.

Verlene: Halo? Delbert? Halo?