Ba Na Tatsuniya da Rana

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Tanko Maƙeri daga Bungudu, jikata Hassi ke riƙe da alƙalami.

Mai kula da laburaren Gusau ya gayyace ni in yi wa yara tatsuniya da hantsi. Na ce, "Ɗana, tatsuniya da rana? So kake 'ya'yan mutane su ɓace a daji?" Ya ce tsarinsu ke nan. Na ƙi. Sai na ba su labarin zuwan jirgin ƙasa Gusau, wanda na gani da idona. Har azahar yara suka ƙi tashi. Hassi ta rubuta labarin, an jera shi cikin littattafai.

A gaishe mini da maƙwabcina Malam Ɗanjuma, mai kirana jahili. Ya je laburare ya karanta ni.