Ƙarfen Kiran Sujada Ya Sake Tashi

Mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu sauraro.

Ni ce shugabar zumuntar mata a majami'armu, kusa da Sabon Birni. Da rashin tsaro ya watsa jama'armu, na daina buga tsohon wilin motar da muke kiran sujada da shi, ina tuhumar kaina ko Ubangiji ya kira ni da gaske.

Wata Lahadi maƙwabcina, Alhaji mai fataucin Nijar, ya ce, "Malama, shirunki zai sa waɗanda suka dawo su zaci kun tashi. Je ki buga!"

Na buga. Sai ga Saratu da Rahila, matan zumuntarmu da suka gudu garin Isa, sun shigo da hawaye. Muka yi waƙa har muryata ta dushe.

Ku gaida mini Saratu da Rahila. Lahadi za ni sake bugawa, da yardar Ubangiji.