Littafi Ɗaya Aka Ara, Ɗaki Guda Ya Tafi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wannan taro, Alhaji Abdulnasir. Wakilan iyayenmu hakimai da dagatai. Malamanmu na zaure da na boko. Iyayenmu mata da ke wancan ɓangaren rumfa. 'Yan uwana 'yan Ƙungiyar Masu Karatu, na nan Birnin Kudu da waɗanda suka yi sammako daga Gwaram, da Surko, da Dingaya. Sauran jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama, ina kuma godiya gare ku da kuka bar masussuka a tsakiyar kaka kuka zo sauraron maganar littafi. Ga wanda bai san ni ba, sunana Nu'uman, tsohon malamin gona. An zaɓe ni in gwada sababbin na'urorin karatu ba don na fi kowa sani ba, sai don an san ba ni da ɗoki. Uwargidana takan ce ko ranar ɗaurin aurenmu sai da aka tunasar da ni in yi murmushi. Saboda haka wanda ya zo jin kirari ga na'ura ya yi haƙuri, wanda ya zo jin kukan takarda shi ma ya yi haƙuri. Abin da na gani zan faɗa.

Maganar da ke gabanmu guda ce. An kawo shawara a kwashe littattafan da ke ɗakin karatunmu na Gwaram, a rarraba su, a cire kantoci, a zuba kwamfutoci da na'urar nan ta karatu wadda mutanenmu suka riga suka raɗa wa suna allo. Yau za a yanke hukunci. Zan yi magana a kan allon, in yi a kan kwamfutar, in ba ku labarin wani dattijo, sannan in faɗi abin da nake gani.

Na farko, allo. Gaskiya ɗaya ce, abu ne mai kyau. Bai kai faranti nauyi ba, amma ya haɗiye abin da amalanke ba za ta ɗauka ba. Gara ba ta cin sa, ɓera ba ya sheƙa a cikinsa, yoyon kwano ba ya kumbura shi. Idan ka yi masa caji, sai ka manta ranar da ka yi kafin ya sake nema. Na karanta shi a gindin mangwaro da rana tsaka, na karanta shi a cikin bas daga Gwaram zuwa nan, ina matse tsakanin buhun riɗi da wani fasinja mai gyangyaɗi, bai ba ni wahala ba. Mafi girman amfaninsa kuwa shi ne yana ƙara wa rubutu girma. Wanda shekaru suka fara taɓa wa ido ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yana da nasa aibi. Littattafanmu na Hausa kaɗan ne a cikinsa. Babban yatsa ba ya gaya maka sauran nawa ka gama, kamar yadda kaurin takarda ke gaya maka. Sannan akwai abin da ban zata ba: a garinmu, in aka tarar da mutum riƙe da littafi, akan tsaya a bakin zaure a jira ya rufe. In aka tarar da shi riƙe da allo, sai a ɗauka latse-latsen waya yake yi, a zauna a fara ba shi labarin farashin taki.

Na biyu, kwamfuta ta ɗorawa a cinya. Ita kayan aiki ce, ba abokiyar zama ba. Ga rubutu da bincike ba ta da na biyu, ɗalibanmu kuma suna bukatarta, ba na musu. Amma tana cin wuta kamar ingarma da dawa, tana ƙona cinya, kuma a cikinta ƙofofi sun yi yawa. Ka shiga da niyyar karanta tarihi, ka farga kana kallon dambe. Ban ɗora mata laifi ba. Na dai lura ban taɓa kai littafi ƙarshe a kanta ba.

Na uku shi ne labarin, kuma da izinin masu shi biyu nake ba da shi.

Da yawa daga cikinku kun san Malam Ishiyaku na Dingaya, tsohon malamin firamare. Rabin littattafan da ke ɗakinmu na Gwaram daga zaurensa suka fito. Bara likitan ido a Kano ya gaya masa yana da hawan jinin ido, kuma ya zo a makare. Ya ce masa magani zai rage gudu, amma ba zai tsayar ba; ganin da ya rage masa guzuri ne, ya san yadda zai ci shi. A lokacin ƙaramin rubutu ya riga ya gagare shi. Sai 'yarsa Munawwara, wadda ke aure a Kano, ta sayo masa allo, ta sa aka zuba masa littattafan da yake so, ta nuna masa inda ake dannawa rubutu ya girma. Malam ya koma karatu kamar wanda aka sako daga ɗauri. Da ya ga haka, sai ya tattara na takardar ya ba ƙungiya waƙafi. Buri ɗaya ya rage masa: akwai wani babban littafin tarihi da ya daɗe yana ɗaga wa ƙafa, yana so ya kai ƙarshensa da idonsa kafin idon ya tafi. Ya kai wajen rabi.

Farkon damina sai ga surukinsa, Alhaji Buba na Surko, mahaifin mijin Munawwara. Dattijo ne mai son karatu, kuma ya saba aron littafi a wannan zaure. Aka gaisa, aka sha fura, sai ya ce, "Malam, littafin nan na tarihi da ka taɓa yi mini maganarsa, ko za a taimaka mini in ɗan duba?"

Malam ya ce, "Ai Alhaji yanzu duk suna cikin wannan allon."

Alhaji ya ce, "Ikon Allah. To a ba ni in gani kwana biyu."

Jama'a, ku da kanku ku yi hukunci. Wane ne a cikinmu zai dubi surukinsa, a cikin zaurensa, bayan an sha fura, ya ce masa a'a? Wane ne zai ce masa ya hau babur ya tafi Gwaram ya nemi na takarda? Malam ya miƙa allon da hannu biyu, ya nuna masa wurin dannawa, ya raka shi har bakin hanya. Igiyar caji kuwa tana rataye a ƙusa, babu wanda ya tuna da ita.

A da, in ka ba da aron littafi, ɗaya ya fita, saura suna nan suna ɗebe maka kewa. Ko mai aro ya riƙe shi shekara, ba ka rasa abin karantawa ba. Shi ya sa kwana biyun aro a wurinmu ba ya da iyaka, shi ya sa kuma ba ma tambaya. Al'adar ta dace da takarda. Amma ranar nan littafi ɗaya aka ara, ɗaki guda ya tafi.

Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai, gero ya yi bununi, allo bai dawo ba. Mai ɗakin Malam, Hajiya Mairo, ta ce masa, "Malam, ka bari in aika a yi tuni mana, ko ta wajen mata."

Ya ce, "Mairo, a ce na aika gidan surukai neman kayan aro? Da wane ido zan dube shi?"

Ta ce, "Idon nan dai da kake magana a kansa shi ne yake tafiya."

Duk da haka bai yarda ba. In Munawwara ta kira ta tambayi karatu, sai ya ce alhamdulillahi, don ya san in ta ji, an jefa ta tsakanin mahaifinta da mahaifin mijinta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka muke cewa, kuma Malam ya riƙe wannan karin magana fiye da yadda ya kamata.

Ni ban san ana wannan ba. Makon jiya na je Surko duba wata gonar riɗi, sai Alhaji Buba ya ja ni gefe, don ya ji an ce ina gwajin irin wannan na'ura. Ya kai ni ɗaki, ya miƙa hannu saman sif ya sauko da wani abu naɗe a cikin sabon rawani. Ya ajiye shi can sama ne saboda akwai sunan Allah a ciki. Ya ce, "Malam Nu'uman, rufa mini asiri. Na kashe wa Malam littattafansa. Ina cikin karatu abin ya sandare, na danna ko'ina ya ƙi motsi. Tun damina ba na iya bin hanyar Dingaya don kunya. Ta yaya zan mayar wa surukina gawa?"

Na ciro igiyata na jona a batirin solarsa. Kafin mu idar da sallar la'asar allo ya farfaɗo, babu abin da ya ɓace, ko wasali ɗaya. Yunwa ce kawai take damunsa. Alhaji ya dubi allon, ya dube ni. Ga dattijo a Dingaya yana kunyar tambaya, ga dattijo a Surko yana kunyar mayarwa, tsakaninsu tafiyar da babur ke yi ya dawo a yini guda, kuma babu mugu ko ɗaya a cikinsu.

Washegari da hantsi muka tafi tare. Muka tarar da Malam a zaure. Alhaji ya ba da haƙuri, Malam ya ce ai babu komai, kayan Alhaji ne. Na buɗe masa littafin, na nemo inda ya tsaya, na ƙara girman rubutu har inda na'urar ta ƙare, kalma uku suka cika fuskar allon, na sa masa a hannu. Ya kawo shi kusa da fuska, ya matsar, ya karkata wajen ƙofa inda haske yake. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Nu'uman, kunna mana."

Na ce, "A kunne yake, Malam."

Ya ce, "To, alhamdulillahi." Ya ɗora allon a kan buzu, ya tambayi Alhaji yadda riɗi ya yi bana.

Na ce muku ni ba mai ɗoki ba ne, ba kuma mai saurin hawaye ba, amma abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Da na nemi izinin ba da labarin nan, Malam ya ce in dai zai amfani wani, ba laifi. Alhaji Buba kuwa ya ce, "Faɗa, har da sunana. Da na gaba ake gane zurfin ruwa."

Na huɗu kuma na ƙarshe, ga abin da nake gani. Ban ce laifin allo ba ne, domin shi ya mayar wa Malam karatunsa lokacin da takarda ta gaza. Ban ce laifin kunya ba ne, domin da ita muke zaune lafiya da juna, kuma ba na fatan ranar da za mu wayi gari babu ita. Na'urar dai an ƙera ta ne don mutum ɗaya mai abinsa shi kaɗai, mu kuwa ba haka muke zaune ba. Mu masu aro ne, masu ba da aro, marasa iya cewa a'a. In kiɗa ya canza rawa ma takan canza, amma a bar mai rawa ya san inda zai sa ƙafa.

Saboda haka a sayi allunan, a kawo kwamfutocin, ina goyon baya. Amma kowane allo da za a ba dattijo ko mai raunin ido, a buga masa tambarin ƙungiya a baya, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a ba da aronsa. Wanda ma ya sayi nasa, in yana so, ya kawo a buga masa. Ba don rowa ba, sai don mai kunya ya sami abin fakewa, ya iya cewa, "Alhaji, da nawa ne da na ba ka, amma ka ga doka." A kuma riƙa haɗa allo da igiyarsa, a gaya wa kowa cewa in ya yi shiru ba mutuwa ya yi ba. Littattafan takarda kuwa a bar su inda suke, kada a yi sakin reshe kama ganye. Su ne za a ara, su ne za su kwana a gidan suruki har a manta da su, babu wanda zai cutu.

Sauran roƙo ɗaya. Na takardar wannan littafin tarihi yana nan a kanta ta biyu a ɗakinmu na Gwaram, cikin waɗanda ake shawarar rabarwa yau, da sunan Malam Ishiyaku a bangonsa. Rabinsa ya rage masa. Alhaji Buba ya riga ya ɗauki ranar Juma'a, zai riƙa zuwa Dingaya yana karanta masa a bayyane. Sauran ranakun mako babu mai su. Duk wanda Allah ya bar wa ido da murya, ya ga sakatariyarmu Malama Nasiha kafin ya tashi.

Allah ya ba Malam Ishiyaku haƙuri da lada, ya haskaka masa zuciya. Allah ya saka wa Alhaji Buba da alheri a kan gaskiyar da ya yarda a faɗa. Allah ya tsare mana ganinmu da jinmu, ya sa mu karanta abin da muke nufin karantawa tun muna iyawa. Allah ya yi wa shugabanninmu jagora a hukuncin da za su yanke, ya sa albarka a amfanin gonarmu, ya zaunar da Jigawa da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.