Ranar da Na Ce Ban Yafe wa Bukar Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, Fasto, dattawa, iyaye mata da 'yan'uwa duka. Wanda bai san ni ba, ni ne Bulus mai walda na bakin tasha. Waɗanda suka san ni kuwa sun san bakina ba shi da linzami, sai ku yi haƙuri da abin da za ku ji. Na san labarin abin da na yi a Kelle ya zagaya gari, an yi ta yi da ni har a ƙofar wannan ɗakin sujada. To yau ku ji daga bakina.

Bukar ɗan ajinmu ne a lise, wato babbar sakandare. Daga Kelle ya zo, ba shi da kowa a nan Gure, babana ya karɓe shi a gidanmu har shekara uku. Ɗakinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Shi Musulmi, mu Kirista, amma in azumi ya zo mahaifiyata ce ke dama mishi kunun buɗa baki. A aji ma kullum a jere ake zaunar da mu saboda sunayenmu, Bukar gaba, Bulus baya.

Da za a kai mu Damagaram mu zauna jarrabawar bak ta gama sakandare, ya ce in ara mishi takardar da na taƙaita darasin lissafi a kai, ya ɗan duba. Na ba shi. Ashe mutumin nan a cikin takalmi ya naɗe ta ya shiga da ita! Ana cikin rubutu, da ya ga surbeyan mai sa ido a jarrabawar ya nufo layinmu, sai ya yar da ita ya turo ta baya da diddige, ta tsaya a ƙarƙashin teburina. Aka ɗauka, aka duba, rubutun hannuna ne. Me zan ce?

Aka kira Bukar a gabana aka tambaye shi. Ya dubi ƙasa ya ce shi bai ga komai ba. Aka fitar da ni a gaban jama'a, aka hana ni sake zama na wasu shekaru. Kafin shekarun su cika babana ya rasu, ƙanne sun hau kaina, na shiga koyon walda. Shi kuwa ya ci, ya wuce, ya zama babban ma'aikacin duwan, wato kwastan.

Shekara ashirin da wani abu, 'yan'uwa, ko sau ɗaya mutumin nan bai ce mini yi haƙuri ba. Zai wuce ta gaban shagona a mota mai sanyi, ya danna oda, ya ɗago hannu, "Bulus, ina gajiya?" Ina gajiya! Ni ina tsugune cikin hayaƙi, idona na zubar da ruwa. Wata Sallah ya aiko mini da cinyar rago, na ce a mayar mishi da kayanshi, ba na cin naman maƙaryata. Ina zuwa sujada, ina waƙa, ina karɓar jibin Ubangiji, amma in an ambaci sunan Bukar sai abinci ya fita raina. Likita ya ce jinina ya hau. 'Ya'yana ma sun sha duka a kan laifin da bai kai ya kawo ba, duk a kan haushin wani.

Bana, wata safiya, na buɗe waya na ga tsofaffin 'yan ajinmu sun cika gurup da hotonshi. Bukar ya rasu bayan gajeriyar jinya, za a yi jana'iza a Kelle bayan azahar. Wannan ya ce mutumin kirki, wancan ya ce bai taɓa cutar kowa ba. Kai! Saratu matata ta ga ina tayar da babur, ta ce, "Maigida, gaisuwa za ka ko faɗa?" Na ce mata ta shiga harkarta.

Na tashi cikin mutanen nan, na san al'adarsu. Kafin a kai mutum kabari, ana neman a yafe mishi, don sun riƙe cewa hakkin ɗan'adam Allah ba ya yafewa sai mai hakkin ya yafe. Abin da ya kai ni ke nan. Ba kunya zan faɗa muku, da gangan na tafi.

Na tsaya gefe a gindin bishiyar bedi har suka gama salla. Yayan Bukar, Malam Lawan, ya miƙe ya ce, "Jama'a, ɗan'uwanku ya riga mu. Duk wanda ya saɓa wa, don Allah ya yafe mishi." Kowa ya ce, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Na bari suka yi shiru, sannan na ɗaga murya na ce, "Ni ban yafe ba. Ku kai shi haka nan."

Nan take wurin ya kaure. Wani ya cakumi wuyan rigata, wani na cewa a bar shi mahaukaci ne. Malam Lawan ya dube ni ya ce, "Bulus, a kan gawa?" Na ce, "A kan gawa. Da yana da rai ya zo ne?" Wani dattijo ya ja ni har wurin babur ya ce in bar garin tun da sauran mutunci. Na dawo Gure ina jin daɗi, wannan ita ce gaskiya. Ranar har ƙarin tuwo na nema.

Bayan sadakar bakwai, ran kasuwa da hantsi, ina cikin haɗa ƙofa sai na ga tsohuwa ta sauko daga motar Kelle tana dogara sanda. Ya Falmata ce, mahaifiyar Bukar. Da muna lise takan aiko mana da cuku da dabino. Ta zauna a ƙasa a bakin shagona, cikin rana. Na yi kamar ban gan ta ba. Saratu ta kawo abincin rana, ta gan ta, ta durƙusa ta miƙa mata ruwa. Ta ce, "'Yata, na gode, amma ba zan sha ba sai mijinki ya sake mini ɗana."

Na jefar da guduma na ce, "Iya, tashi ki tafi. Ba ki san abin da ɗanki ya yi mini ba."

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin san me?"

Ta ce, "Takardar. Tun shekarar ya gaya mini, yana kuka. Ya ce zai je ya faɗi gaskiya, ni na hana shi. Na ce in ya faɗa ku biyu za a kora, kuma shi kaɗai ne ya yi lakwal, karatun boko, a gidanmu."

'Yan'uwa, duhu na gani. Matar da uwata ta ciyar mata da ɗa shekara uku! Na zage ta. Tsohuwa sa'ar kakar 'ya'yana, na zage ta a gaban 'yan tasha, na ce da ita da ɗanta Allah ya isa, kada in sake ganin ƙafarta a nan. Ta zauna har la'asar, motar Kelle ta cika, aka ɗaga ta aka sa ta a ciki.

Saratu ta kwana uku ba ta yi mini magana ba. A na huɗu ta ce, "Bukar ya tafi inda hannunka ba ya kai. Tsohuwar nan kake shaƙewa." Na daka mata tsawa na fita. Amma maganar ta bi ni har shago.

Ranar na kasa aiki. Da tsakar rana na zagaya bayan shago inda nake tara tsofaffin ƙarafa, na durƙusa. Kada ku ce addu'ar kirki na je yi, ƙara na kai. Na ce, "Ubangiji, kana gani aka cuce ni ka yi shiru. Ka ba shi mota ka ba ni hayaƙi. Yanzu kuma ni ne mai laifi?" Na faɗi duk abin da ke cikina har murya ta dushe. Da na gaji na yi shiru, sai wata tambaya ta sauko mini a zuciya, a hankali, ba faɗa: Bulus, da na yafe maka, jira na yi sai ka cancanta?

Ni da na ɗaga hannu a kan 'ya'yana, ni da na zagi tsohuwa mai makoki, ni ne na naɗa kaina alƙalin matattu. Na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ran da aka binne babana. Na ce, "Yesu, ba zan iya ba. Ba na son mutumin nan ko a kabari. In kana so in yafe, sai dai ka yi shi a cikina." Haleluya! Ban tashi daga wurin ina ƙaunar Bukar ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma abin da ya tokare mini ƙirji tun ina saurayi ya sauka, na ja numfashi har ƙasa.

Na gaya wa Fasto. Ya ce tunda a gaban jama'a na ɗaure, a gaban jama'a zan kwance. Ran sadakar arba'in na koma Kelle. Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Na miƙa wa Malam Lawan hannu, ya kawar da kai, ya ce, "Me kuma ka zo ƙarasawa?" Samari suka fara miƙewa. Na tsaya a tsakiyar tabarmi na ce, "Jama'a, ni ne na ce ban yafe ba. Bukar ya cuce ni, ban janye wannan ba. Amma na yafe mishi duniya da lahira, don ni ma an yafe mini abin da ya fi wannan. Ku ma ku yafe mini abin da na yi a kan gawarku." Wasu suka ce madalla, wasu suka yi tsaki. Malam Lawan ya dai nuna mini zaure da haɓa.

Ya Falmata na zaune a ciki, ta rame sosai. Na durƙusa na ce, "Iya, na yafe wa Bukar." Ta ce kunnenta ya yi nauyi, in ƙara faɗa. Na ƙara da ƙarfi. Ta dube ni ta ce, "Ni fa?"

Wannan ban shirya mishi ba. Da maganar Bukar na zo, ban zo da tata ba. Na ji tsohon zafin nan ya taso, na ce a raina, Yesu, riƙe ni. Ita kuma ba ta sauke ido ba.

Na ce, "Har da ke, Iya."

Ta ɗora hannu a kaina.

Na gode wa Allah da bai bar ni na mutu da wannan abu a ciki ba. In akwai wanda ke zaune a nan yana riƙe da wani, kada ka jira sai ka ji kana so, ni ban taɓa jin ina so ba. Kai wa Yesu shi yadda yake, da zafin da zagin duka, ka dogara gare shi. Ya iya da ni, kun kuwa san halina. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.